Yadda ɗalibi zai shirya wa babban taron ƙungiyar haziƙan ɗalibai a Amurka

Bayan sallar la'asar a wani masallaci da ke Agege, wani dattijo ɗan kasuwar shanu ya riƙe hannuna ya ja ni gefe, ya ce, "Malam, kai da ka yi karatu a can, duba mini wannan." Ya miƙo mini wayarsa, na ga saƙon da 'yarsa ta turo daga Amurka tana sanar da shi cewa wata ƙungiya mai suna da haruffan Girkanci ta karɓe ta, har ma reshen makarantarsu ya zaɓe ta ta wakilce shi a babban taron ƙasa. Duk wanda ya zauna Legas ya san abin da ya tayar masa da hankali, domin a nan idan aka ambaci ƙungiyar ɗalibai mai baƙon suna da bikin rantsar da sababbin shiga, ƙungiyar asiri ce ke fara faɗo wa mutum a rai. Na ce masa, "Alhaji, ka kwantar da hankalinka, karramawa ce aka yi wa 'yarka saboda makinta." Tun daga ranar na ga ya dace in rubuta abin da na sani game da irin wannan taro, domin 'ya'yanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende da ke karatu a can, da kuma iyayensu da ke nan.

Waɗannan ƙungiyoyi tsofaffi ne, kuma aikinsu a fili yake. Mafi daɗewa a cikinsu ita ce Phi Beta Kappa, wadda aka kafa a shekarar 1776 a Kwalejin William da Mary da ke jihar Bajiniya. Tau Beta Pi ta ɗaliban injiniya ce, an kafa ta a 1885 a Jami'ar Lehigh, kuma tana gayyatar waɗanda ke cikin kashi ɗaya bisa takwas na saman ajinsu a shekara ta uku, ko kashi ɗaya bisa biyar a shekarar ƙarshe. Phi Kappa Phi ta faro a 1897 a Jami'ar Maine, tana ɗaukar ɗalibai daga kowane fanni. Phi Theta Kappa, wadda aka kafa a 1918 a jihar Misuri, ta kwalejojin shekara biyu ce, kuma ita yaranmu da yawa ke fara cin karo da ita, saboda irin waɗannan kwalejoji sun fi sauƙin kuɗi. Sigma Tau Delta kuwa ta masu nazarin Ingilishi da adabi ce tun 1924.

Kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar da sahihancin ƙungiyar, domin akwai masu aika wasiƙun gayyata ga kowa da kowa don su karɓi kuɗin rajista kawai. Hanya mafi tabbas ita ce ka nemi malamin da ke kula da reshen ƙungiyar a makarantarku ka gan shi ido da ido. Akwai kuma wata haɗaɗɗiyar ƙungiya da ake kira ACHS, wadda tun 1925 take tantance irin waɗannan ƙungiyoyi, sai dai wasu tsofaffi masu mutunci ba sa cikin jerinta, saboda haka rashin ganin suna a can bai isa hujja shi kaɗai ba.

Da zarar an tabbatar za ka je, tambaya ta farko da za ka yi wa malamin ita ce a wane matsayi za ka je, domin komai a kanta ya rataya. Akwai wakili mai ƙuri'a, akwai mai gabatar da aikin bincike ko rubutu, akwai kuma wanda ya je sauraro kawai. Tau Beta Pi, wadda ke taronta duk shekara a lokacin kaka, takan ɗauki nauyin tafiyar wakili mai ƙuri'a na kowane reshe. A wasu ƙungiyoyin reshe ne ko ofishin harkokin ɗalibai na makaranta ke biya, wani lokaci duka, wani lokaci rabi. Ka tambaya tun da wuri ko kai za ka fara kashewa a mayar maka daga baya, domin wannan ne ke sa ɗalibi ya kira gida cikin gaggawa a nemi dala a lokacin da canji ya yi tsada. Kuɗin rajista yakan ƙaru idan ranar taro ta matso, kuma ɗakunan otal da aka keɓe wa mahalarta kan ƙare da wuri. Mai son gabatar da aiki kuwa ya sani cewa ana rufe karɓa watanni kafin taro. Sigma Tau Delta, alal misali, a bazara take taronta, amma tun lokacin kaka ake miƙa mata rubuce-rubuce.

Ka tafi da fasfonka ko da jirgin cikin gida za ka hau, domin tun 7 ga Mayu, 2025 ba kowane katin shaida na jiha ake karɓa a filayen jirgin Amurka ba, fasfo kuwa ana karɓa. Ka haɗa da takardarka ta I-20, wato takardar da makaranta ta ba ka don neman bizar karatu. Otal zai nemi katin banki ya riƙe wasu kuɗi a matsayin jingina har ranar da za ka fita, ko da makaranta ta riga ta biya kuɗin ɗakin. Ana yawan haɗa ɗalibai biyu zuwa huɗu a ɗaki ɗaya, saboda haka ɗaliba ta bayyana wa malami tun kafin a raba ɗakuna cewa da mata take son zama.

Taron kansa yakan ɗauki kwana uku zuwa huɗu a babban otal ko zauren taro. Ranar farko za ka karɓi katin wuya mai ɗauke da sunanka da jadawalin zama, kuma ba a shiga ko'ina sai da katin. Akwai zaman gama-gari da kowa ke halarta a saurari baƙo mai jawabi, akwai ƙananan zama da ake yi a lokaci guda a ɗakuna daban-daban, kan neman tallafin karatu ko tafiyar da reshe ko komawa jami'ar shekara huɗu. Ba mai iya halartar duka, don haka ku raba su tsakaninku da abokan tafiyarka, da dare ku haɗa abin da kowa ya samo. Idan an ce ƙarfe takwas, to ƙarfe takwas ake rufe ƙofa, kuma uzurin cunkoson gadar Third Mainland ba ya aiki a can.

Zaman da na fi so ɗalibanmu su ba muhimmanci shi ne na harkokin ƙungiya, wanda da yawa ke ɗauka mai gundura ne su tafi yawon ganin gari. A nan ake gyara tsarin mulki, a duba kasafin kuɗi, a yanke hukunci kan makarantun da ke neman a buɗe musu reshe, a kuma zaɓi shugabanni. A taron Tau Beta Pi ana rarraba wakilan ɗalibai cikin kwamitoci, su ne ke tattauna batu su kawo shawara gaban zaure. A taron Phi Theta Kappa, wanda ake kira Catalyst, wakilan rassa ne ke zaɓen shugaba da mataimakansa huɗu daga cikin ɗalibai, bayan 'yan takara sun yi jawabi sun amsa tambayoyi. Tsarin magana a irin wannan zama yana bin ƙa'idojin da Henry Martyn Robert ya fara wallafawa a 1876. Mutum ba ya magana sai shugaban zama ya ba shi dama, sannan ya faɗi sunansa da reshensa, ya gabatar da ƙuduri. Sai wani ya mara masa baya kafin a buɗe muhawara, idan an gama a kaɗa ƙuri'a. Wanda ya taɓa zama taron ƙungiyar 'yan kasuwa a Mile 12 ko na kwamitin masallaci ba zai ga abin baƙo ƙwarai ba, illa dai a can ana auna wa kowa mintunansa. Mu an rene mu a kan cewa yaro ba ya tsoma baki inda manya suke, kuma tarbiyya ce mai kyau a muhallinta, amma wakilin da ya yi shiru a wannan zaure ya hana reshensa haƙƙinsa ne. Ka karanta takardun da aka aiko kafin tafiya, ka ji ra'ayin 'yan reshenku, ka rubuta abin da za ka faɗa a jimla uku ko huɗu.

Mai gabatar da takarda yakan samu kamar minti 10 zuwa 15, sai tambayoyi su biyo baya. Ka gwada karanta aikinka da ƙarfi kana duba agogo, ka rage saurin magana, domin kunnen Ba'amurke bai saba da karin harshenmu ba, kamar yadda namu bai saba da nasa ba a farkon zuwa. Idan aka yi maka tambayar da ba ka da amsarta, ka ce bincikenka bai kai nan ba, hakan ba ya rage maka daraja a wurinsu.

Batun salla da abinci yana buƙatar shiri tun daga fom ɗin rajista, inda ake tambayar abin da mutum ba ya ci. Ka rubuta halal, idan babu wannan zaɓi ka zaɓi na marasa cin nama, kuma a teburin karin kumallo ka yi hattara, domin naman alade a can ya fi yawa. Ka je teburin masu shirya taro ka nemi ɗakin da ba kowa don yin salla, galibi sukan samar. Alƙibla daga yawancin jihohin Amurka arewa maso gabas take. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba yana yin kasaru, kuma yawancin tarukan nan ba sa kai hakan, amma ka tambayi malaminka kafin ka tashi. A 2023 da 2024 azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu, watannin da ƙungiyoyi da yawa ke taro, don haka ka duba kalanda ka tanadi dabino da abin sahur a ɗaki. Wanda ba ya musabaha da wani jinsi ya ɗora hannu a ƙirji ya yi murmushi ya yi gaisuwa da baki, ana fahimta.

Akwai kuma filin baje koli inda jami'o'i da kamfanoni ke kafa tebura. Ka riƙe kwafi da yawa na takardar tarihin karatunka, kuma ka yi tambayoyin da suka shafe ka kai tsaye, wato ko tallafin karatun da suke talla ya haɗa da ɗaliban ƙasashen waje, da kuma ko kamfanin yana ɗaukar mai bizar ɗalibai ta F-1. Dokar ƙasar ta ba ɗalibi damar aikin wata 12 bayan kammala karatu, da ƙarin wata 24 ga masu fannin kimiyya da fasaha da injiniya da lissafi, kuma yana da kyau ka iya bayyana wannan da bakinka, domin ba duk mai zaune a tebur ne ya san shi ba.

Daren ƙarshe ake liyafar ba da lambobin yabo, kuma ana son shiga ta mutunci. Kaftani da hula, ko atamfa da mayafi, sun cika wannan sharaɗi sarai, sai dai mutum ya shirya amsa tambayoyi a kan aikin hular. Da rana kuwa a sa takalmin da zai jure tafiya, a riƙe rigar sanyi saboda na'urar sanyaya zaure.

Iyaye da ke Legas su tuna cewa muna gaban gabashin Amurka da awa biyar daga Maris zuwa farkon Nuwamba, awa shida a sauran watanni, kuma waya a kashe take cikin zaure, saboda haka rashin ɗauka ba alamar matsala ba ce. Shi kuma ɗalibi ya adana duk rasiɗin mota da na abinci, ya miƙa su ga ofishin da zai mayar masa da kuɗinsa cikin makon da ya koma, ya aika gajeren saƙon imel ga waɗanda suka ba shi katinsu tun ba su manta fuskarsa ba, sannan ya rubuta wa reshensa rahoton yadda ya kaɗa ƙuri'a a kan kowane ƙuduri da dalilinsa.