Kurakuran da ake yi wajen zaɓen folish da kayan goge farar mota

Farar mota ba ta cika tona asirin ƙarce ba kamar baƙa, amma ita ce kan gaba wajen nuna datti da ya kama jikin fenti. Shi ya sa mafi yawan masu kuka cewa motarsu ta dushe ko ta koma ruwan madara ba folish mai ƙarfi suke buƙata ba, fentin ne ke son a cire masa abin da ya manne masa.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne sayen folish ba tare da sanin irin fentin ba. Wani fentin ana fesa launi, sannan a bi shi da wani ruwa marar launi mai ƙyalli, wanda masu fenti ke kira kiliya. Wani kuma launin da ƙyallin a haɗe suke, shafi ɗaya, kamar yadda ake samu a tsofaffin fararen Hilux da Hiace da yawa. Gane su ba wuya: a ɗiga folish a baƙin tsumma mai laushi, a murza a ƙasan ƙofa. In tsumman ya yi fari, babu kiliya. Irin wannan fentin rana ce ke cinye samansa har ya riƙa barin gari kamar alli a yatsa, kuma yana jure kwamfawun, wato man goge mai kaushi, don dole sai an kankare mataccen saman. Mai kiliya kuwa kaurin kiliyar bai cika wuce maikuron 50 ba, bai kai kaurin takarda ba. Duk gugar kwamfawun ragewa take yi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. A fara da folish mafi laushi a ɗan wuri, in bai yi ba sannan a ƙara ƙarfi.

Sai waɗannan ɗige-ɗige ruwan goro, ƙanana kamar kan allura, da ke fitowa a ƙofofi da bayan mota. Mutane kan ɗauka ƙarfen motar ne ya fara tsatsa, su sa injin goge fenti. Ɓurɓushin ƙarfe ne daga birki, ko daga garejin masu walda, ya nutse a fenti ya yi tsatsa a wurin. Maganinsa ruwan cire ƙarfe da ake fesawa: a wanke mota, a fesa a inuwa fentin na da sanyi, a jira minti 3 zuwa 5 har ya koma shuɗi mai ja-ja yana gangarowa, a ɗauraye sosai kafin ya bushe. Warinsa ba daɗi, amma yana aiki. Bayan nan a sa hannu cikin siririyar leda a shafa bonet. In an ji kaushi, sai a bi da ƙullin nan mai kama da cingam da ake kira kile, ana fesa ruwan shamfu a ƙarƙashinsa kada ya ja a bushe. In ya faɗi ƙasa a yar, ya riga ya kwashi yashi. Wanda ya tsallake wannan ya hau folish, dattin yake niƙawa a jikin fenti.

Kwalta kuma nata ruwan daban. Tina, wato ruwan tsinka fenti, da fetur suna dusar da fenti, musamman wanda aka sake fesawa. In babu na musamman, ɗan kalanzir a tsumma ya wadatar, a wanke wurin da shamfu nan take.

A wurin wanki ake ɓata sauran aikin. Omo da sabulun kwanuka suna wanke kakin kariya, su busar da robobi. Bilic da wasu ke zubawa don mota ta ƙara haske ba ya faranta fenti, robar gilashi da ƙarfe yake ci. A nemi shamfun mota, a auna yadda aka rubuta a jikin gora, da bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso. Lokacin hunturu kada a goge ƙura a bushe, a fara kwarara ruwa. Ruwan burtsatse in ya bushe da kansa a rana yana barin zobba, waɗanda a farar mota ba a lura da su sai sun ci fenti. A tsane da tawul mai laushi, sababbin zobba kuma ruwan khal rabi da ruwa rabi kan ɗauke su.

Game da abin da ake tallatawa da sunan na farar mota kaɗai, yawancinsa ɗan abin gogewa ne da abin cike ƙarce, wanki kaɗan sai ƙarcen ya dawo. Launin mota ba shi ke zaɓen folish ba, halin fentin ne. Kuma folish ba kariya ba ne, ko da yake a kasuwa an haɗa su suna ɗaya. Bayan guga fenti tsirara yake, sai an shafa masa kariya. Kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya, yana ba baƙar mota zurfin da fara ba ta nunawa, ga shi a zafin Sakkwato ko Maiduguri makonni kawai yake yi. Na haɗin kamfani, wanda ake kira silan, ya fi dacewa, yakan kai watanni kuma jar ƙasa ba ta kama shi sosai. Siramik, wato ruwan kariya mai daskarewa kamar gilashi, ya fi su daɗewa, sai dai duk tabon da aka rufe da shi ya zauna kenan.

Wajen gugar, ɗigo 3 ko 4 kamar ƙwayar wake sun isa wuri mai faɗin santimita 50 kowane gefe. A manna tef a kan baƙaƙen robobi, don folish na barin musu farin tabo. A sassauta hannu a gefen ƙofa da ƙashin bonet, nan inji ke fara ƙone fenti. Da yake fari na ɓoye ƙarce, a duba aikin a inuwa da tocilan waya a karkace, bayan an goge man da ya rage, kafin a matsa gaba.