Yadda ake taimakon wanda ya faɗi a babur kafin a kai shi asibiti

Duk mai bin hanyar Garwa zuwa Pitowa a arewacin Kamaru ranar kasuwa ya san yadda abin yake. Ƙara za ka ji, sai salati, kafin ka waiwaya mutum ashirin sun yanyame ɗan acaba: wannan ya kama ƙafa, wancan hammata, wani na kwarara masa ruwan leda a ka. Na taɓa ganin yaron da yake motsa yatsun ƙafarsa a kan kwalta, aka naɗe shi aka cusa a bayan mota, bai sake takawa ba. Shi ya sa nake roƙo, a daina gaggawar ɗagawa.

Fara da tsare wurin. Kashe babur ɗin, ka hana kowa kunna taba kusa da fetur da ya zube. Tura yara biyu su zuba rassan dalbejiya a titi, nesa ta kowane ɓangare, don manyan motocin Marwa ba sa tsayawa nan take. Sai ka nuna mutum ɗaya da yatsa, ka ce: “Malam, kai kira 118.” Wannan lambar ’yan kwana-kwana ce a Kamaru, 117 ta ’yan sanda, 113 ta jandarmomi. In ka ce “a kira”, kowa zai zaci wani ya kira.

Yanzu durƙusa ta wajen kansa, ka riƙe kan da hannu biyu yadda ka same shi, kada wuya ya juya. Yi masa magana: “Ɗan’uwa, kana ji na? Kada ka motsa.” In yana da hular kwano, bar ta, ɗaga gilashin kawai. Ba a cire ta sai in ba ya numfashi ko amai na shaƙe shi, kuma aikin mutum biyu ne, ɗaya na tallafe wuya, ɗaya na zarewa a hankali.

In bai amsa ba, duba ƙirjinsa na daƙiƙa 10. Yana numfashi amma jini ko amai na taruwa a baki? Ku mirgina shi gefe ku uku ko huɗu, kai da wuya da baya su juya tare kamar gungumen itace. In babu numfashi, a kwantar da shi rigingine, ka ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗayan a kansa, ka danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. In ka gaji wani ya karɓa.

Jini kuwa danne shi ake yi. Rawani, ɗankwali, riga, duk abin da ya fi tsabta, ka danna da ƙarfi minti 10 ba tare da leƙawa ba. In ya jiƙe, ƙara wani a kai, kada ka cire na farkon. In jinin na tsartuwa daga hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, ɗaure sama da ciwon da ƙyalle mai faɗi, ka murɗa da sanda har ya tsaya, ka rubuta lokacin a fatarsa, kada kuma a kwance sai a asibiti. Man birki, fetur, toka, ƙasa: don Allah kada ko ɗaya ya taɓa ciwo. Ba sa tsayar da jini, cuta suke shigarwa. Ƙunar salansa ruwa mai sanyi take so, na minti 20.

Ƙafar da ta karye ba a miƙe ta. A tallafe ta da kwali ko katako yadda take. Maganar mai ɗori ta jira hoton asibiti, musamman in ƙashi ya huda fata.

Zai roƙi ruwa, kuma hana shi akwai wuya. Hana shi dai. Zai iya shaƙewa, ko ya zama ana buƙatar yi masa tiyata. Ƙishirwa mai tsanani da gumi mai sanyi da cikin ido ya yi fari alamu ne na jini na zuba ta ciki. A rufa masa zane, a yi masa inuwa.

In motar asibiti ba za ta zo ba, a nemo ƙyaure ko faffaɗan katako, a ɗora shi a miƙe, a sa a bayan akori-kura, mai riƙe kai na riƙe har a isa. Kada a goya shi a wani babur a tsakiyar mutum biyu.

Wanda ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce lafiyarsa lau, shi ma a duba shi in kansa ya bugu. A gaya wa mutanen gida su sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashe shi, ruɗewar magana, ko ruwa daga kunne ko hanci, a koma asibiti ko tsakar dare ne.