Darasi na Bakwai: Zane Mai Siffar Halitta

Ɗauko ganyen mangwaro ka ajiye shi kusa da bulo. Bi gefen bulon da yatsa: miƙaƙƙen layi, sai kusurwa, sai wani layin. To, yanzu bi gefen ganyen. Yatsanka zai yi ta lanƙwasa har ya kai tsini. A kan wannan bambanci darasinmu na yau ya tsaya.

Masu zane da masu tsara gine-gine suna da kalmar da suke kiran irin siffar ganyen nan, wato bayomofik. A karanta ta gaɓa-gaɓa: ba-yo-mo-fik. Asalinta harshen Girka ne, inda "bios" ke nufin rai, "morphe" kuma siffa. Da Hausa sai mu ce zane mai siffar halitta. Kalmar ta yaɗu ne daga 1936, lokacin da Alfred Barr, masanin tarihin zane-zane, ya yi amfani da ita wajen bayanin wani baje kolin zane-zane a Amurka.

Ga inda ake yawan tuntuɓe. Ba hoton abu ake nufi ba. In ka zana akuya da ƙahonta da gemunta, to akuya ka zana, shi ke nan. Amma kafinta ya ƙera tebur, ya yanka samansa da lanƙwasa irin ta ƙwayar wake, babu kusurwa ko ɗaya, duk wanda ya gani sai wake ya faɗo masa a rai. Wannan tebur shi ake ce wa bayomofik.

A birnin Barcelona na Sifaniya akwai cocin Sagrada Familia da aka fara ginawa a 1882. Mai tsara gine-gine Antoni Gaudi ya tsara ginshiƙansa kamar itatuwa, su tashi sama su yi rassa su tallafi rufi, wanda ya shiga sai ya ji kamar a kurmi yake.

A ganina dai, mai zanen lalle za ta riga kowa gane kalmar nan. Dubi hannun amarya: reshe ya taso daga wuyan hannu yana nannaɗewa, ya fid da ganye nan, ya fid da fure can, har ƙarshen yatsa. Ka nemi wannan reshe a daji ba za ka same shi ba, amma ido ya san tsiro yake kallo.

Aikin gida: rubuta kalmar bayomofik sau biyar a littafinka. Sannan ka duba zannuwa da kwanukan gidanku, ka ware masu zanen kusurwa daga masu siffar halitta, ka zano mana guda ɗaya ranar darasi mai zuwa.