Kallon faɗa-wuta da dare: kurakuran da sababbin shiga ba sa gajiya da maimaitawa

Duk wanda ya fara sha'awar faɗa-wuta, wato 'yan uwan malam-buɗe-littafi da suka fi fita da dare, kusan hanya ɗaya yake bi: ya rataya farin zane, ya kunna fitila a gabansa, ya ja kujera ya zauna. Ba laifi, haka kowa ya fara. Abin da ya gundure ni shi ne yadda kuskure iri ɗaya yake ta dawowa a hannun mutane daban-daban, kamar suna gadonsa. Nau'in faɗa-wuta da masana suka rubuta ya kai kusan 160,000, na malam-buɗe-littafi kuwa bai cika 20,000 ba. Abin kallo dai ba ya ƙarewa, in mai kallon bai ɓata shi da hannunsa ba.

A fara da fitila. Mutum ya kunna kwan LED mai haske ruwan ɗorawa, ya kwana yana gadi, ya samu ƙwari uku, sai ya ce unguwarsu babu faɗa-wuta. Akwai su. Idonsu ya fi kama shuɗin haske da hasken UV, wanda namu idon ba ya gani. Ƙaramar fitilar UV mai wat 6 zuwa 15, wadda batir mai bolt 12 zai ɗauka har asuba, ta fi babban kwan rawaya aiki nesa ba kusa ba. Kwan mercury mai wat 125 ya fi duka tara ƙwari, amma yana zafi sosai, ba a jona shi kai tsaye sai da cok ɗinsa, wato na'urar da ke daidaita masa wuta, ɗigon ruwan sama kan iya fasa shi, kuma ƙura masa ido yana cutar da gani. Ban cika ba sabon shiga shawarar farawa da shi ba. Sannan a nisanci fitilun tsaro na gida da na titi, don suna raba maka baƙi. Dare mai ɗumi, mai hadari, marar iska shi ne daren aiki. Daren da wata ya cika kuma gari ya yi garau, gara ka yi barcinka.

Yanzu ga kuskuren da ya fi ci mini rai: a kunna tarko, wato akwati mai fitila da ƙwarin ke faɗawa ciki, da magariba, a tafi a kwanta, a tashi sai rana ta take. Wannan ba kallo ba ne, ɓarna ce. Faɗa-wuta ba son fitilarka yake yi ba. Wani bincike da aka wallafa a 2024, da kyamarori masu saurin ɗauka, ya nuna cewa ƙwaro mai tashi yakan juya bayansa ga inda haske ya fi yawa, domin a duniyarsa can ne sama. Idan ka ajiye masa fitila a kusa, sai lissafin ya rikice, ya yi ta kewaya ta bai san mafita ba. Daren da ya kwana a kan zanenka, bai sha ruwan fure ba, bai nemi mace ba, macen ba ta yi ƙwai ba. Manyan nan masu zane kamar ido a fiffike, na dangin Saturniidae, ko bakin ci ba su da shi bayan sun fito daga kwanso. Da kitsen da suka tara suna tsutsa suke rayuwa, kwanaki kaɗan ne. Ka ƙwace musu dare ɗaya, sannan ka bar su a akwati rana ta gasa su?

Kuma ba rana kaɗai ba ce. Kafin gari ya gama wayewa tsuntsaye sun gane wurin, tsaka da kwaɗi sun riga su, tururuwa ta hau ƙafar tebur. Wanda ya makara, fikafikai ne zai tarar a warwatse a ƙasa, an cinye jikin an bar masa shara.

Ga yadda nake yi. Cikin akwatin tarko nakan jera kiret ɗin ƙwai na kwali guda 6 zuwa 8 a jingine, ba a kwance ba, don kowane ƙwaro ya samu lungun duhu ya lafe. In babu su, manya za su yi ta fiffika a kan ƙanana har zanen kowa ya goge. Ina tashi kafin fitowar rana, in fara duba ƙasa da bangon da ke kusa kafin in taka, don da yawa a waje suke sauka. Sai in kashe fitila, in toshe bakin tarko da tsumma, in kai shi inuwa mai sanyi. Wajen saki kuma ba a zazzage su a fili. A kai su cikin ciyawa mai duhu ko ƙarƙashin ganye, a rarraba, ko a ajiye su a inuwa sai magariba a buɗe. Kada a sake su kullum a wuri ɗaya, tsuntsu ba wawa ba ne. Kuma ba na kunna tarko dare biyu a jere a wuri guda. Wasu suna yi kullum, suna cewa ba komai. Ni dai ban yarda ba, waɗanda ka saki jiya su ne za ka sake kamawa yau.

Kama fiffike da yatsa, a daina. Wannan ƙurar da ke maƙale maka a hannu ƙananan ɓawo ne da ke jere kamar rufin kwano, su ne launin, su ne zanen da za ka gane shi da shi. A kifa masa kwalba mai haske, a zura takarda ta ƙasa.

Kuskure na biyu da ke tayar mini da hankali shi ne gaggawar raɗa suna. Mutum ya ɗauki hoto ɗaya, daga nesa, filashi ya wanke launin, ya ɗora a manhajar iNaturalist, sunan farko da ta kawo ya rubuta a littafinsa kamar an saukar da shi. Manhajar shawara take bayarwa, kuma tana yawan kawo sunan wani nau'i mai kama da ke wata nahiya, saboda hotunansa sun fi yawa a rumbunta. Akwai nau'o'in da ko gwani ba ya raba su sai an duba al'aurarsu da madubin ƙara girma. Tsayawa a sunan dangi ba abin kunya ba ne. Sunan ƙarya ne abin kunya, don wani zai zo ya gina a kansa.

Hoto uku nake so a kan kowane ƙwaro: daga sama daidai, daga gefe, da na fiffiken baya ko na ƙasa idan ya yarda ya buɗe. A ajiye rula a gefensa, don tsawon fiffiken gaba a milimita yakan raba gardama. A lura da zamansa tun kafin a taɓa shi: 'yan dangin Geometridae sukan baje fikafikai su manne da bango, 'yan Noctuidae sukan rufe jiki da su kamar jinka. A dubi eriyar kansa. Ta malam-buɗe-littafi tana da ƙulli a ƙarshe, ta faɗa-wuta kuwa zare ce ko mai kama da gashin tsuntsu, kuma mai faɗin gashi yawanci namiji ne, da ita yake shinshino ƙamshin mace daga nesa. Idan ya ƙi zama, a sa kwalbar a firij na ɗan lokaci, wajen digiri 5, ba a gidan ƙanƙara ba, kuma na ƙasashe masu zafi ba sa jure sanyi mai tsawo. Da ka fito da shi ka ga yana karkaɗa fikafikai yana rawar ɗari, ba ciwo ba ne, tsokar tashi yake ɗumamawa. Ɗauki hotonka da sauri, ya kusa tafiya.

Hoton da ba shi da kwanan wata, wuri, sa'a, irin fitila da yanayin gari, ado ne kawai.

Wani abin da ake mantawa: ba kowane nau'i ne yake zuwa fitila ba. A dama ruɓaɓɓiyar ayaba da sukari, a bar shi kwana ɗaya ko biyu ya yi tsami, a shafa a jikin bishiya daidai ƙirji, faɗin tafin hannu, kafin magariba. A zagayo bayan duhu da tocila mai jan haske, a haska daga gefe, don farin haske kai tsaye yana sa su saki jiki su faɗi. Furanni masu ƙamshin dare ma a tsaya a kansu, nan ne za ka ga dogon bakin 'yan Sphingidae yana warwarewa suna shawagi a iska. In kana son ganin abin mamaki, kaɗa tarin makullai kusa da masu kewaya fitila. Wasu za su karkace ko su faɗo, domin ƙarar tana ɗauke da irin sautin da jemage ke farauta da shi, su kuma suna da kunnen jinsa.

Masu kiwon tsutsa don ganin abin da za ta zama, laifinsu uku ne. Suna ba ta kowane ganye, alhali da yawa ganyen shukar da aka same su a kai kaɗai suke ci. Suna rufe kwalba ruf, gumi ya taru, kashinta ya yi hunhuna. A rufe da yadi mai huda, a share kullum. Kuma ba sa tanadar mata wurin canzawa: wasu sai sun nutse cikin ƙasa, don haka a zuba ƙasa mai laushi kamar santimita 8, a kafa ɗan kara inda sabon faɗa-wuta zai rataya ya miƙe fikafikai, in ba haka ba su bushe a murɗe. Tsutsa mai gashi ba a ɗaukarta da hannu, a yanko ganyen da take kai. Idan kuma ƙuda ko ƙananan zanzaro suka fito daga kwanson maimakon faɗa-wuta, kada a zubar. Tun a daji iyayensu suka yi wa tsutsar ƙwai a jiki. A ɗauki hotonsu, a rubuta su a shafi ɗaya da tsutsar da sunan ganyen da ta ci.