Kurakuran da sababbin nas masu aikin kwantiragi suke yi wa lafiyar ƙwaƙwalwarsu

Ƙannena nas masu yawon kwantiragi, wannan watan kuna Azare, wata mai zuwa Kaltungo ko Bajoga, rani ya shigo a tura ku wajen masu zazzaɓin Lassa, wallahi na gaji da ganin kuna faɗawa rami ɗaya, shi ya sa zan yi maganar nan ko ba za ta yi muku daɗi ba.

Babban kuskuren shi ne sayar da barci. Kin je garin da ba ki san kowa ba, ɗaki ya yi miki shiru, sai ki ce bari in karɓi diyutin wance tunda akwai ɗan alawus, ki yi nait, wato aikin dare, ki haɗa da na safe, ranar hutunki ma ki bayar. Bayan sati kaɗan ga gajiya kamar ki faɗi amma ido ya ƙi rufuwa, to a nan shaiɗan yake shigowa, tunda makullin kabad ɗin magani yana aljihunki. Ni ma da diazepam, maganin sa barci, na fara, wai na dare ɗaya, sai da na kai ba na iya runtsawa sai da shi, na dinga yi wa majinyata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma barinsa ya ba ni wahalar da ba na yi wa kowa fata. Na ga wadda tata ta kai ga allurar kashe zafi ta pentazocine, aikin ma ya kuɓuce mata. Ke da kike gaya wa majinyaci kada ya sha magani ba da izinin likita ba, me ya sa ke kike ganin kin wuce wannan dokar? In kin riga kin saba da diazepam kada ki yanke lokaci ɗaya, yana iya jawo jijjiga, likita ne zai rage miki a hankali. Ni yanzu in na sauka nait, wanka, ɗan kunu, in rataya bargo a taga, waya a kashe sai azahar. Nescafe da goro kuwa daga tsakar dare na sallame su. Ranar hutuna ko nawa ne ba na sayarwa.

Na biyu, shiru. Yaro ya rasu a hannunki, ko abokiyar aiki ta kamu da Lassa ke kuma aka sa ki cikin waɗanda ake sa wa ido kwana 21, kullum kina auna zafin jikinki gabanki na faɗuwa, amma in Mama ta kira sai ki ce lafiya lau. Haba sista! Wasu ma sai su ce miki raunin imani ne. Ki yi addu'a, ki riƙe azkar ɗinki, ni ma su nake riƙe da su, amma in kin yi sati biyu ranki a ɓace, abinci ba ya shiga, abin da kike so da ya daina burge ki, ki ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe. In kuwa tunanin kashe kai ya fara zuwa, ranar za ki faɗa wa wani, ba jiran sati biyu. Masu tsoron a ce sun haukace a kore su, ku sani dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta hana nuna wariya saboda irin wannan ciwon. Ni ina da tsohuwar matiron ɗaya, wato shugabar nas, da nake kira duk Juma'a da yamma, ko ba komai sai na kira.

Sauran ƙanana ne amma suna taruwa. Kada ki sa hannu a kwantiragi ba ki tambayi masauki da ruwa da wuta ba. Ki daina tura albashi gida kakaf ki zauna kan indomi. Ki daina "mu a wurinmu ba haka ake yi ba", zai sa ma'aikatan ɗakin jinyar su ware ki. Kuma in kwantiragi ya ƙare ki je gida ko sati ɗaya ne kafin ki karɓi wani.