Yadda za ka rage ƙiba kafin ta cinye maka aljihu

A wajenmu da mutum ya ajiye tumbi sai ka ji ana cewa Alhaji hutu ya samu, mace kuma in ta cika ai miji na kula da ita, amma wallahi duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon suga ko hawan jini, cututtukan da ƙiba kan jawo, ya san abin da ke fita duk wata, ga magani ga gwaji ga kuɗin mota zuwa asibiti ga ranakun da ba a fita kasuwa ba, in abin ya kai ga wankin ƙoda kuwa sai dai a fara neman mai sayen fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da muguwar ƙiba. Ban da kuɗi akwai abin da ke cin rai, mai adaidaita ya ce sai kin biya kujera biyu a gaban mutane, yaro a makaranta a yi ta tsokanarsa, gwiwa ta hana dattijo sujada sai dai a kan kujera.

To fara da tef ɗin tela. Ka auna cikinka wajen cibiya, kada ya kai rabin tsayinka, wato in tsayinka santimita 170 ne ya zama ƙasa da 85. In ya wuce ka je a duba maka jini da suga tun yanzu.

Sai lemon kwalba, nan ne babbar ɓarnar. Robar 50cl ɗaya tana ɗauke da suga kusan cokalin shayi 12 ko fiye, alhali abin da ake so kada babba ya wuce a yini guda ke nan gaba ɗaya, har da na shayin safe da na koko. Dokar kuɗi ta 2021 a Najeriya ta sa harajin naira 10 kan kowace lita amma ba ta hana kowa sha ba, kai ne za ka hana kanka. Kuma kar ka ce ka koma zoɓo da kunun aya alhali an zabga musu suga, a haɗa a gida a rage hannu. Ka riƙa ware kuɗin lemon nan gefe guda, ƙarshen wata ka ƙirga ka gani.

Tuwo ba sai ka daina ba fa, in malmala uku kake ci koma biyu, ka yawaita miya da kwaɗon zogale ko rama da wake, uwargida a rage kwarara mai a tukunya. Indomi da ƙwai ƙarfe 11 na dare a wajen mai shayi a haƙura da ita.

Tafiya kyauta ce, minti 30 sau 5 a mako ya kai minti 150 ɗin da likitoci ke so, bayan asuba ko ka sauka daga adaidaita tun kafin unguwarku. 'Yar uwa in fita na da wuya zagaya tsakar gida da sauri har ki yi gumi.

Dan Allah ku rabu da shayin rage tumbi na intanet, yawanci zawo kawai yake sa mutum. Haka 'yan mata masu shan "sha ka fashe" don su yi ƙiba kafin biki, galibi dexamethasone ne, wani maganin asibiti mai ƙarfi, yana kumbura fuska ya tada suga da hawan jini, wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke lokaci guda, ta je likita ya rage mata a hankali.