Darasi na 7: Karanta Hatimin Tsohuwar Bindigar Beljiyam

Wasu mafarauta sun gaji bindiga mai baki biyu daga kakanninsu, amma ba su san inda aka ƙera ta ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan bindigogi sun fito ne daga birnin Liyej na ƙasar Beljiyam. Tun shekarar 1672 hukuma ta wajabta a gwada bindigogin birnin kafin a sayar. Wadda ta ci gwaji sai a buga mata hatimi.

Da farko ku ɓalle bindigar, ku tabbata babu harsashi a ciki. Ku cire katakon gaba, ku ɗaga bututun, ku juya shi. A ƙasansa hatiman suke. Ku goge da tsumma da ɗan mai kawai. Kada ku kankare da yashi, domin rubutun zai tafi tare da tsatsar.

Ku nemi zane mai siffar ƙwai da haruffa uku a ciki: E, L, G. Wannan shi ne shaidar Liyej. In akwai kambin sarauta a saman ƙwan, an gwada ta daga 1893 zuwa gaba. In babu, ta girmi haka. Hoton zaki a kan haruffan PV yana nufin an gwada ta da albarushi marar hayaƙi. Harafi ɗaya da tauraro a kansa kuwa alamar ma'aikacin da ya duba ta ce. Mutane kan ɗauka sunan maƙerin ne, alhali ba shi ba ne.

Gano maƙerin shi ne mai wuya. A Liyej aiki rabe yake: wani ya yi bututu a gidansa, wani kunama, wani katako, ɗan kasuwa ya haɗa ya sa sunan da zai ja masu saye. Shi ya sa ake ganin "W. Richards" a jikin bindiga mai araha, don a zaci ta kamfanin Westley Richards na Ingila ce. Sunayen gaske su ne irin su Henri Pieper, da Auguste Francotte mai alamar AF, da kamfanin FN na garin Herstal, kusa da Liyej, da aka kafa a 1889.

In kun ga bututu mai zane kamar an murɗa igiya, ƙarfen Damaskus ne. Yana da kyau a ido, amma harsashin zamani na iya fasa shi. A rataye irin wannan bindiga a bango.

Aiki: Ku zana hatimin ELG iri biyu a littafinku, ku rubuta 1893 a ƙarƙashin mai kambi.